Neman Hannun Gem a Farm Centre

Sai hantsi ya ɗaga sosai kasuwar waya ta Farm Centre take cika ta batse. Kafin nan masu shago ne ke share ƙofa, yaransu na goge akwatunan gilashi, mai janareto na leƙa tanki. Da sha ɗaya ta gota kuwa, ɗan A Daidaita Sahu daga nesa zai sauke ka, sauran ka ƙarasa da ƙafa tsakanin jerin babura da lemomin masu POS. Ba za ka yi nisa ba wani matashi zai tare ka: "Yallabai, saye ko sayarwa? Ko gyara ne?" Ba shi da shago, amma ya san mai kowane shago, kuma la'adarsa tana cikin kuɗin da za ka biya, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Kasuwar tana cikin ƙaramar hukumar Tarauni, ita da ta titin Beirut su ne manyan wuraren cinikin waya a Kano. Sana'ar ma ba ta daɗe a duniya ba, tunda sai a 2001 layukan GSM suka fara aiki a Najeriya, amma ta riga ta haifi 'ya'ya da jikoki: masu sayar da sabuwa a kwali, masu ta hannu, masu caja da batir, masu liƙa gilashin fuska, masu tura fina-finai, masu cire makulli, sai masu gyara da ƙaurin dalmarsu ke tashi daga kowane lungu. Gobarar da ta tashi ranar Babbar Sallah ta 2025 ta ci shaguna da dama a nan, har yanzu in hira ta yi hira sai an tabo ta. Ciniki dai bai tsaya ba.

Ni ba waya ce ta kawo ni ba. Hannun gem nake nema, irin wanda ake haɗawa da waya a buga ƙwallo ko faɗa ba tare da an yi ta murza fuskarta da babban yatsa ba. Ba shi da layinsa na musamman. A shagunan kayan waya yake rataye, tsakanin abin saurare na kunne da fitilar masu ɗaukar bidiyo, wani lokacin kuma sai ka tambaya a aika yaro ya ɗauko daga shagon maƙwabci.

Da mai shago ya zube su kan gilashi, abin ya fi yadda na zata yawa. Akwai hannun PlayStation 4 da na 5, sababbi da na hannu. Akwai na Xbox jefi-jefi. Akwai wasu ƙanana 'yan ƙasar Sin masu ɗan maƙali a sama da ake ɗora waya. Akwai masu buɗewa gefe da gefe, ka sa wayar a tsakiya su matse ta, sai ta koma tamkar na'urar gem ta hannu. Akwai hannun kwamfuta mai igiya, wanda ya fi kowanne araha. A gefe guda kuma ga wasu 'yan ƙarafa biyu a leda, ba batir ba komai, ana maƙala su a saman waya.

Mai shago zai tambaye ka wace waya kake riƙewa, kuma nawa ka ware. Tambayar da na lura ba a cika yi ba ita ce wane gem kake bugawa, alhali ita ce ta farko. Wanda ya sayi hannu bai san gem ɗinsa ba, ya sayi sirdi ne bai ga dokin ba. Ba waya ce kaɗai ke karɓar hannu ba, sai kamfanin da ya yi gem ɗin ya buɗe masa ƙofa, kuma manyan gem ɗin da samarin Kano suka fi so ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan.

Ɗauki PUBG Mobile da Free Fire, waɗanda za ka ji ƙarar harbinsu daga wayar yaran shago in kasuwa ta lafa. Dukansu an gina su ne don yatsu a kan fuskar waya, ba su yarda da hannu a hukumance ba. Kwalin wasu hannayen masu araha yana ɗauke da hoton soja da bindiga don ya ja ido, amma abin da suke yi zagaye ne: ka sauke wata manhaja, ta shimfiɗa maɓallan ƙarya a kan fuskar gem ɗin, duk abin da ka danna a hannu ta mayar da shi taɓi. Yana yin aiki, wata rana kuma gem ya sabunta kansa ya daina. Mafi muni, kamfanonin na iya ɗaukar wannan a matsayin maguɗi su rufe maka asusu, da duk kayan da ka tara a ciki da kuɗinka. Shi ya sa ƙwararrun 'yan PUBG ba sa ko kallon hannu. Waɗancan 'yan ƙarafa biyu na leda su ne nasu, domin taɓa fuskar waya kawai suke yi a madadin yatsa, sai 'yar safar yatsa don gumi, sai ƙaramar fanka mai mannewa a bayan waya don zafi. Duka ukun a haɗe ba su kai kuɗin hannu mai kyau guda ɗaya ba.

Call of Duty Mobile, wanda ya fito a 2019, shi ya buɗe ƙofa amma da sharaɗi. Hannun PlayStation da na Xbox na asali ya sani, kuma da ka haɗa hannu zai riƙa jefa ka cikin masu hannu irinka, don kada ka ci zalin masu yatsa. Wanda ya sayi hannu da niyyar ya fi abokansa ya tarar an canza masa abokan karawa.

Mafi yawan waɗanda na gani suna taya hannu, ƙwallo ce damuwarsu, kuma da yawansu ta PPSSPP suke bugawa. Wannan manhaja ce da wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012, tana sa waya ta kwaikwayi PSP, ƙaramar na'urar gem da Sony ya fitar a 2004. Kamfanin Konami ya daina yi wa PSP ƙwallon PES tun bayan na 2014, amma masu gyare-gyare ba su daina ba: kowace kaka sai sun sauya riguna da sunayen 'yan wasa, masu turi a kasuwa su zuba maka a waya tare da God of War da sauransu. Abin lura a nan shi ne PSP sandar juyi ɗaya gare ta, maɓallan kafaɗa kuma biyu kacal. Duk wanda PPSSPP ce abincinsa, rabin abin da ke jikin hannun PlayStation 5 ba zai taɓa amfani da shi ba. Hannun kwamfuta mai igiya da ɗan mahaɗin OTG mai haɗa shi da ramin waya sun ishe shi, ya riƙe canjinsa ya sayi data. Masu GTA San Andreas, da ya zo waya a 2013, da Minecraft da Asphalt su ma gem ɗinsu na karɓar hannu kai tsaye, sai dai GTA da Minecraft suna buƙatar sanda biyu.

Bayan gem sai waya. Akwatunan gilashin Farm Centre cike suke da Tecno da Infinix da itel, dukansu 'ya'yan kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen, sai Samsung da Redmi, sai iPhone ta hannu a shagunan da ke da na'urar sanyaya ɗaki. Shekarar da ya kamata mai saye ya riƙe ita ce 2019. A cikinta Apple ya fitar da iOS 13, wanda ya ba iPhone damar karɓar hannun PlayStation 4 da na Xbox, a cikinta kuma Android 10 ya zo da cikakken tallafin hannun PlayStation 4. Na PlayStation 5 ya biyo baya, yana son iOS 14.5 ko Android 12 zuwa sama. Tsohuwar waya na iya ganin hannun ta Bluetooth har ta ce an haɗu, amma ka danna wannan maɓalli wani ya amsa.

Haɗawar kanta ba wuya. A hannun PlayStation 4, ka danne maɓallin PS da na Share tare har fitilar gaba ta soma ƙyaftawa, sannan ka neme shi a Bluetooth ɗin waya. A na 5, PS ne da Create. Na Xbox ne ke da tarko, domin ba kowanne ke da Bluetooth ba, sai waɗanda aka yi daga 2016, zamanin Xbox One S. Ana gane su da ido: in robar da ke kewaye da babban maɓallin Xbox haɗe take da fuskar hannun, yana da shi, in haɗe take da ta saman, wajen maɓallan kafaɗa, tsoho ne, waya ba za ta gan shi ba sai da igiya. Na Xbox 360 ba a ma maganarsa. Na PlayStation 3 kuwa, da ake samu da araha saboda gidajen gem sun yi ritaya da su, yana da Bluetooth amma irin nasa ne na daban, ba ya haɗuwa da waya cikin sauƙi, igiya ce mafitarsa.

Igiyar ma ba abin rainawa ba ce. Bluetooth yana tafiya ne a zangon da Wi-Fi ma ke bi, kuma a wurin da ɗaruruwan wayoyi ke kunne, kamar tsakiyar wannan kasuwa, za ka ji ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da ɗan wasa ya saki ƙwallo. A gida abin yakan ragu. Igiya ba ta da wannan, ba ta kuma neman caji. Sai dai tana toshe ramin caja, tana jan wuta daga batirin waya, a wasu wayoyin kuma sai ka shiga saiti ka kunna OTG da kanka, in an jima ba a yi amfani da shi ba ya kashe kansa. Mutane da yawa sun mayar da hannu lafiyayye shago saboda wannan ɗan maɓalli da ba su sani ba.

Masu buɗewa gefe da gefe su suka fi ɗaukar ido, ni ma sun ɗauki nawa. Razer Kishi da Backbone One, da suka fito a 2020, su suka yi wa wannan siffa suna, GameSir ya biyo da nasa masu sauƙin kuɗi, sannan ga tarin masu kwaikwayo da ba ka taɓa jin sunansu ba. Nagartattun suna shiga ramin USB-C kai tsaye, ba jinkiri, kuma suna da nasu ramin da za ka soka caja kana cikin wasa. Nauyin ya rabu daidai a hannu biyu. Amma suna da zaɓen waya. Mai tsohon ramin micro-USB ya fita daga lissafi, haka mai iPhone ta ƙasa da 15 sai ya nemi irin nata, domin a 2023 ne Apple ya koma USB-C. Sau da yawa sai ka tuɓe wa waya rigarta kafin ta shiga, tudun kyamarar baya na iya hana ta zama daidai, kuma ranar da ka canza waya kana iya tarar da hannun bai bi ka ba. A ganina manyan cikinsu an yi su ne da wani irin mai wasa a zuciya, wanda ke da intanet marar yankewa yana janyo gem daga na'urarsa ta gida ko daga rumbun kamfani. Mai ƙirga data da megabait ba shi aka nufa ba.

Hannun PlayStation da maƙali a sama ba shi da wannan zaɓe, amma wuyan hannu ne ke biya. Na PlayStation 4 gram 210 ne, na 5 wajen 280, ga waya mai kusan 200 a ɗore a can sama tana rinjaya baya. Minti talatin na farko ba ka jin komai. Mafi yawan yaran da na gani sun haƙura da maƙalin, sun jingina waya da kwalin caja a kan benci.

Sai babbar magana, ta asali da jabu. Hannun PlayStation 4 yana cikin kayan da aka fi kwaikwaya a duniya, kuma kwaikwayon ya ƙware, har kwali da tambari. Masu shagon da na zanta da su ba su ɓoye ba, sukan ajiye biyu su ce wannan orijina ne, wannan kwafi ne, kuɗin kowanne daban, zaɓi ya rage naka. Matsalar tana wajen wanda ya biya kuɗin na farko ya tafi da na biyu. Kwafi yakan fi sauƙi a hannu, maɓallansa na ƙara kamar busasshiyar roba, rubutun bayansa na iya dusashewa, batirinsa ba ya jimawa. Mafi muhimmanci, maɓallan L2 da R2 na asali suna jin nauyin yatsa, ka danna kaɗan mota ta tafi a hankali, ka danne ta zabura. A kwafi da yawa ko dai a kunne ko a kashe. An ce araha ba ta ado, amma ban yarda a yi wa kwafi kuɗin goro ba. Ga yaron da PES kawai yake bugawa, kwafin da aka sayar masa da sunan kwafi ciniki ne na halal. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a 2023, kuɗin sabon na asali ya wuce aljihun yawancin masu buga gem a waya, har mai shago kan duba farashin dala kafin ya ba ka amsa.

Wanda yake son gaskiyar hannu ya bar gaban gilashi ya zagaya wajen masu gyara. Teburinsu ƙarami ne, fitila a sunkuye, abin hura iska mai zafi, burushin haƙori da ya tsufa, kwalbar sinadarin wanki, da tulin gawarwakin waya da ake ciro kayan gyara daga jikinsu. A nan hannaye suke a buɗe, ciki a waje, kuma ciwonsu kusan ɗaya ne: sandar juyi ta soma tafiya da kanta. Ka ajiye hannu ba ka taɓa ba, ɗan wasanka na ta gangarawa gefen fili.

Dalilin yana ƙarƙashin sandar. A yawancin hannaye, har da na manyan kamfanoni, akwai 'yan ƙananan ma'auni biyu a gindin kowace sanda, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. A cikin kowanne wani siririn ƙarfe ne ke gogar zoben gawayi, daga inda ya tsaya ake gane inda ka karkata. Abin da ake goga dole ya cinye. Garin gawayin ya taru, ƙura ta shiga ta haɗu da gumi, sai ma'aunin ya fara ba da labarin ƙarya. Ba ciwon talaka ba ne kawai: a kan irin wannan matsala aka kai Nintendo kotu a Amurka a 2019, shugaban kamfanin ya nemi afuwar masu saye a 2020. To, in haka ta faru a ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba, sai a auna garin da ƙurar Disamba da Janairu ke shiga har cikin akwati a kulle.

Mai gyara zai fara da wanki, in bai yi ba ya narke dalma ya cire gindin sandar gaba ɗaya ya dasa sabo. A nan hannun asali na hannu ya fi sabon da ba a san asalinsa ba: kayan gyaran na PlayStation 4 suna ko'ina, daga sanda zuwa robar ƙarƙashin maɓalli zuwa ramin caji, kowane mai gyara ya san cikinsa. Baƙon hannu in ya lalace, sai dai a ajiye shi a cikin tulin.

Akwai kuma sabuwar hanya da ba sabuwa ba. Wani masanin Amurka, Edwin Hall, ya gano a 1879 cewa maganaɗisu na karkatar da wutar da ke bi ta cikin ƙarfe, har a iya auna karkatar. Sandar da aka gina a kan wannan ba ta gogar komai: ɗan maganaɗisu ne ke motsi kusa da ma'auni, ba taɓawa, ba cinyewa. Sega ya sa irinta a hannun Dreamcast tun 1998, sannan masana'antar ta yi watsi da ita shekara da shekaru, sai kwanan nan kamfanoni irin su GameSir da 8BitDo suka dawo da ita. In ka ga an rubuta Hall a kwalin kamfanin da aka sani, ya cancanci ƙarin kuɗin, musamman a nan. A kwalin da ba a san mai shi ba kuwa, tawada ce kawai, buga ta ba ya cin ko sisi. Kuma ko na gaskiyar ne, sandar kaɗai aka yi wa magani, maɓallai da sauran roba suna nan suna tsufa.

Batir shi ne ciwo na biyu a teburin. Na cikin hannun PlayStation irin na waya ne, ba ya son zafi, a garin da Afrilu ke haura digiri 40. Wanda aka bari a mota ko a kan tagar da rana ke duka yakan kumbura. Ana canza shi, amma sai an kwance hannun. Na Xbox batir biyu yake ci irin na tocila ƙarama, AA, abin da wasu ke yi wa kallon koma-baya. Ni ban gan shi haka ba. A unguwar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, hannun da za ka aiki yaro kanti ya sayo masa rai ya fi wanda zai jira layin caji bayan waya da fitila da fanka.

La'asar na yi kasuwar ta ƙara cushewa, 'yan makaranta sun shigo, ma'aikata sun taso. A lokacin ne za ka ga bambancin masu saye. Wani zai nuna kwali, ya taya, ya biya, ya wuce. Wani kuma zai ja benci ya zauna, ya ce, "Maigida, a buɗe mini in gwada." Mai shagon kirki ba ya ƙi. Gwajin da wayarka ake yi, ba da ta mai shago ba, kuma a cikin gem ɗin da kake bugawa. Akwai ƙananan manhajojin gwajin hannu na kyauta da ke nuna kowace sanda a matsayin ɗigo cikin da'ira: ka saki sandar, ɗigon ya koma tsakiya ya tsaya cik, in yana rawa ko ya kwanta gefe, ciwon ya riga ya kama. Ka juya ta a hankali ka ga ko tana kai wa bakin da'irar ta kowace fuska. Ka danna L2 da R2 sannu-sannu ka ga lambar na hawa daki-daki ko tsalle take yi. Ka soka caja ka ɗan girgiza igiyar, domin ramin micro-USB na hannun PlayStation 4 yana saurin sakin jiki. In na hannu ne, duba kan sukurorin baya. In sun sha sukundireba, an taɓa buɗe shi, ka tambayi abin da aka canza.

Batir ne kaɗai ba ya gwaduwa a zama ɗaya, don haka a kansa ake yin sharaɗi kafin kuɗi su bar hannu. Wasu shagunan sukan manna 'yar takardarsu ko su yi alama a bayan kayan don su gane nasu in an dawo da shi. Ka tabbata an yi a gabanka, a kuma rubuta maka a rasit kwana nawa aka ba ka, da ko canji za a yi maka ko kuɗinka za a mayar.